Wanda Zai Sa Kwat ɗin Yamet

Kwana talatin da bakwai da rasuwar Yamet, 'yarsa Salika tana tsaye gaban ajinta a Tartu: kujera goma sha biyu, ɗalibi ɗaya. Shekara tara ke nan da aka kawo ta Istoniya a wani shirin karatu na ƙabilun da harsunansu ke da dangantaka da na ƙasar, ta yi karatu, ta zauna tana koyar da yaren ƙabilarsu, Mari. Da can ajin ba masaka tsinke, har da 'yan Finlan da 'yan Hangari. Da hanya ta toshe tsakanin Istoniya da ƙasar su Salika kuwa, sai kowa ya kama gabansa. Ita ma in ta tafi gida ba ta da tabbacin dawowa, shi ya sa aka binne uban ba ta nan.

Ɗalibin nan guda Endel ne, tsohon direban bas mai shekara saba'in da ɗaya, ƙato, ga taurin kai. Shekara uku yana zuwa, har yau in ya buɗe baki da Mari sai ka ce tsohuwar mota ce ke hawan tudu.

"Malama, yau fuskarki ba lafiya," in ji shi. "Aikin gidan nawa ne ya yi muni haka?"

"Naka ai kullum haka yake, Malam Endel."

Ta zauna, ta gaya masa. A al'adar Mari, ranar arba'in mamaci yakan dawo gida sau ɗaya. Wani mutum ya sa tufafinsa, ya zauna a mazauninsa, a ciyar da shi, a kira shi da sunan da ake kiran mamacin, ya yi wa iyali magana da bakinsa. Bayan nan a raka shi hanya a sallame shi. Wanda ba a yi wa haka ba, ba ya samun tafiya. To ƙaninta Ozambay yana aiki a rijiyoyin mai can arewa, kwana uku kacal aka ba shi, ya binne uban ya kulle gidan ya koma. A waya cewa ya yi, "Yaya, a ƙauyen nan wa ya rage da zai sa riga? Ki bar zancen nan."

"Ina da kwat ɗinsa," in ji Salika. "Shi ya yafa mini a tasha ranar da zan taho. Bai ce mini uffan ba, ya juya ya tafi."

"To?"

"Babana ba ya jin kowane yare sai Mari. Duk garin nan ba namijin da ke yinsa sai kai."

Endel ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya haɗiye tasa.

"Haba Malama. Mutumin nan zai taso daga kabari don ya ji yadda na yi wa yarensa."

"Zan rubuta maka. Layi huɗu ne kawai."

Ranar arba'in, Asabar ce, tun da safe take soya melna, fanken nan mai hawa uku, har ɗakinta ya ɗauki ƙamshin man shanu. Ta ajiye zuma da cuku, ta kunna kyandir na kakin zuma a bakin akushi. A gida da mutum hamsin ne za su cika tsakar gida. Nan kujera biyu ce, ɗayar ma aro.

Da azahar Endel ya ƙwanƙwasa, ya yi aski, takarda a hannu. Ta ba shi kwat ɗin ya sa, ya yi masa kaɗan, hannun bai kai wuyan hannunsa ba. Amma da ya zauna ya sunkuyar da kai, warin taba da hayaƙin itace ya tashi daga ulun, warin ubanta sak.

"Sannu da zuwa, Baba. Ci abinci."

Ya ci, a hankali, ba wasa. Ya karanto layukansa: yana lafiya a can, ya tarar da iyayensa, su zauna lafiya da juna, kada a bar zumar gidan ta lalace. Ya ninke takardar. Aiki ya ƙare ke nan, saura rakiya.

Salika ba ta tashi ba. Abin da ke cin ta shekara tara ya fito da kansa.

"Baba, kana fushi da ni?"

Wannan babu shi a takarda. Endel ya dube ta, ya dubi kyandir. Ya daɗe yana neman kalmomi, yana ɗauko su ɗaya-ɗaya.

"Na yi fushi," ya ce. "Sosai. Bas ya zo, ina duba taga. Babu ke. Bas ya zo, babu ke. Na ce wa mutane, 'yata malama ce, tana da aiki babba. Na shiga ɗaki, na yi fushi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu na zo. Ke ba ki zo ba, ni na zo. Na ci abincinki." Ya ɗora tafin hannunsa a kanta, hannu mai nauyi. "Ya isa, 'yata."

Kuka ta yi irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka bugo mata waya. Shi ma hawaye na bin sabon askinsa, kuma ba ta tambaye shi wa shi ma yake jira a bakin tasa tagar ba.

Ta raka shi har gadar kogi, da sauran melna a ƙunshe a hannunsa. Mutane na wucewa da kekuna, ba wanda ya kula da tsoho cikin kwat ɗin da ya matse shi. A nan ne za ta faɗi maganar sallama, wadda a ƙauye dattawa ke faɗa, ba 'ya'ya ba. Babu dattijo, sai ita.

"Baba, ka ci ka sha. Tafi wurin mutanenka. Kada ka dawo sai mun kira ka."

Ya gyaɗa kai, ya hau gadar, bai waiwayo ba. Ta so ƙwarai ta kira shi, ko sau ɗaya, amma ta san ba a yi. Ta toshe bakinta da hannu biyu, tana nan tsaye har ya sauka a ɗaya ƙetaren ya shige cikin mutane.