Tsagar da Ba Ta Fito a Hoto Ba

Burushin da Wenzu yake gyara hoto da shi silin gashi uku gare shi, kuma shekara goma sha tara yana isar sa. Ranar Talata, saura kwana biyar bikin waliyyin gari, burushin ya kasa.

Ya ɗaga gilashin da kyamara ta ɗauki hoton a jikinsa, ya haska shi da taga. Ga ƙubbar cocinmu nan zaune a kan gari kamar kaza a kan ƙwai, ga gicciye a ƙoli, ga teku a baya. Ga kuma abin nan: wani siririn layi da ya taso daga gindin gicciyen ya gangaro ta gefen teku. Shekarar da ya fara ganin sa, ɗigon tawada biyu suka shafe shi. Bara sai da ya bi shi sau uku. Bana layin ya yi reshe, reshen ma ya haihu.

Wenzu shi ne mai hoton garinmu. Duk shekara ana saura mako guda biki yakan hau rufin gidan yayarsa da sassafe ya ɗauki ƙubbar, a buga katin da baƙi ke saye, wanda kuma 'yan'uwanmu da suka yi ƙaura Ostareliya ke liƙawa a bango suna kuka. Daga rufin nan kaɗai ake ganin tsagar, ita ma sai rana tana ɓullowa ta buge ta a karkace. To, wa zai aika wa ɗan'uwansa kati mai tabo? Mai hoton kirki yana share ƙurji a fuskar amarya, ballantana ƙubba. A jikin gilashin yake yin gyaran, ya bi shi da man da ke bushewa ya zama jiki ɗaya da shi, abin da ya shafe kuwa ya shafu ke nan.

Ya ajiye burushin. Tsoro ne ya kama shi. Ya naɗe gilashin a tawul yadda yake, ya nufi gidan yayarsa.

Grezzja tana kan rufin, kamar kullum, cikin baƙaƙen kayan da ba ta tuɓe ba tun rasuwar mijinta, tana dama fenti a tsohon faranti. Shekara talatin tana zana ƙubbar nan, kuma shekara talatin muna yi mata dariya. Mukan ce ƙubbar Grezzja ta sha giya, domin duk wadda ta zana sai ta fito a ɗan gicce.

"Ka zo ka sake yi wa budurwarka kwalliya?" in ji ta, ba ta ko juyo ba.

"Yaya, dubi nan."

Ta goge hannu a zani, ta ɗaga gilashin sama, ta daɗe tana kallo. "Yau ka samu ido? Barka da asuba."

"Kin sani?"

"Zo nan, sarkin wayo." Ta ja shi da hannun riga zuwa bakin ƙofar matakala, ta tsayar da shi a kan wani dutse da ƙafarta ta siɗe. "Rufe ido ɗaya. Ka ga ƙusar can a sandar shanya? Shekarar da aka haifi Kelinu ɗanka, gicciyen nan a bayan ƙusar yake ɓuya, ko ƙyallinsa ba ka gani. Yanzu fa?"

Wenzu ya rufe ido ɗaya. Tsakanin ƙusar da gicciyen yatsu biyu za su shiga.

Ta shiga ɗaki ta riƙa fito da zane-zanenta tana jingina su da bango, na tsohuwar shekara a dama, na sabuwa a hagu. Ya bi su da ido, sai ya ga ƙubbar tana sunkuyawa a hankali, shekara bayan shekara, kamar tsohuwa mai neman allurar da ta faɗi.

"Don me ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa! Da baki na faɗa, da fenti na faɗa. Aka ce hannuna ke rawa. Kowa sai ya zaro katinka ya tura mini a fuska, wai hoto ba ya ƙarya." Ta tsoma burushi a ruwa. "Ni ko ranar Lahadi daga nan zan yi addu'ata. Allah yana jin na kan rufi."

Washegari da hantsi ya sami Dun Spir, limamin cocin, yana tsaye a tsakiyar majami'a ana rataya jan yadin biki a bango. Indri magini yana gefensa, farar ƙasa har gira. Wenzu ya sumbaci hannun limamin, ya roƙi a keɓe, Indri kuwa ya biyo su ba a gayyace shi ba.

Dun Spir ya sa tabarau ya duba gilashin. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son tashin hankali ko na kaji.

"Gashin matarka ne ya faɗa maka a aiki," in ji Indri, ya tuntsure da dariya.

"Tsaga ce, Indri, kai ma ka sani."

"Tsaga! Wane gini ne ba ya miƙa? Da safen nan na hau na cike ta, kamar yadda nake yi duk shekara. Hau rufin mahaukaciyar yayarka ka gani in akwai."

Limamin ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wata takarda mai hatimi. "Ɗana, kwantar da hankalinka. Shekara uku da suka wuce ni ma na ji ƙishin-ƙishin, na rubuta wa birni. Injiniyan ya ce a aika masa hotunan ƙubbar na shekaru a jere ya gwada. Na aika masa goma sha shida. Ga amsarsa: ginin lafiya lau."

"Hotunan wa kuka aika, ranka ya daɗe?"

"Na wa kuwa? Naka mana."

Wenzu ya faɗa musu komai, burushin da tawadar da man, bai rage ba. Ya ce a ɗage bikin, ko a yi shi a fili, ko aƙalla a hana harba tukwanen albarushin wasan wuta guda shida da ake yi daga gonar bayan coci, waɗanda na ƙarshensu ke zubo da kwanuka daga kan kanta.

"A hana albarushi?" Indri ya riƙe haɓa. "Mutanen ƙetaren kwari sun harba biyar a bikinsu, kana so mu yi shiru su ce waliyyinmu ya yi mura? Kakanninmu da hannunsu suka ɗora duwatsun nan, mata suna ɗauko ƙasa a ka. Bam ma lokacin yaƙi bai kada ita ba."

Dun Spir ya mayar masa da gilashin a hankali. "Wenzu, ka ce sha shida ƙarya ne, ɗaya gaskiya, kuma duka hannu ɗaya ya yi su. Wanne zan ɗauka in hau mumbari da shi? Bari biki ya wuce, sai in sake rubutawa."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji mutane. Na Wenzu kam ya yi zurfi, har gari guda ya shige ciki ya zauna.

Saura mutum ɗaya da yake ganin zai iya cirewa daga ƙarƙashin ƙubbar. Kelinu, ɗansa tilo, bana ne ya fara samun shiga cikin mutum takwas masu ɗaukar mutum-mutumin waliyyi, kuma sandar gaba ta dama aka ba shi, wadda samari ke shekara goma suna nema. Masu ɗaukar kuwa a tsakiyar ƙubbar suke tsayawa da kayansu a kafaɗa har a gama waƙar waliyyi, ana harba albarushi. Wenzu ya tarar da shi yana cin naman zomo a tsakar gida.

"Ka ce musu kafaɗarka ta gurɗe, wani ya karɓi sandar," in ji Wenzu.

"Haba, Baba! Kafaɗar da na shekara ina ɗaukar buhun siminti domin ta?" Ya ɗaga hannu ya nuna ƙwanji. "Gwaggo Grezzja ta shafa maka ciwonta, wallahi. Kai dai ka ɗauke ni da kyau, kada ka yanke mini kai kamar ranar aurena."

Ranar Lahadi da la'asar gari ya cika ya batse. 'Yan badujala sun kumbura kumatu, masu alawa sun jera tebura, takardu masu launi suna zubowa daga tagogi. A al'ada, kafin a soma waƙa Wenzu yakan hau barandar cikin coci ya ɗauki jama'a gaba ɗaya. Ya kafa kyamararsa mai ƙafa uku, ya dubi kawunan mutanen da ya sani tun suna cikin zanin goyo, ya ɗaga kai sama, sannan ya daka tsawar da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

"Haske bai isa ba! Bana a waje za a yi hoton. Duk wanda ya tsaya ciki, danginsa na Ostareliya ba za su gan shi ba!"

Abin da tsoron mutuwa bai yi ba, son fitowa a hoto ya yi. Tsofaffi da sanduna, mata da jarirai, mai kaɗa ƙararrawa, har masu ɗaukar waliyyi da kayansu, duk suka kwararo fili suna turereniya. Dun Spir ya fito ƙarshe, ya yi wa Wenzu wani dogon kallo.

Wenzu ya yi ta ja da su baya, nesa da ginin. "Ku matso. Ku ƙara matsowa. Indri, cire hula, ka tare mutum uku. Dogaye su koma baya. A'a, ba haka ba, ku sake." Ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyallen kyamarar, gumi yana shiga masa ido. A cikin madubin kyamara yana ganin su duka a kife, ƙubbar tana reto a ƙarƙashinsu.

Ƙarfe biyar daidai tukunyar farko ta tashi. Ƙasa ta girgiza, tantabaru suka watse, jarirai suka tsala ihu. Wenzu ya ɗaga kai yana jira.

Ƙubbar ba ta motsa ba.

"To, ka ɗauka, ko sai mun yi tsiro?" wata tsohuwa ta ɗaga murya. Aka fashe da dariya.

"Ɗaya kuma! Wani ya yi motsi!" in ji Wenzu.

"Ya isa, ɗana," in ji Dun Spir. Sauran tukwane biyar ɗin ƙararrawa suke jira, ƙararrawa kuma waƙa take jira. Limamin ya ɗaga hannu, badujala ta ɗauka, jama'a suka juya suka bi waliyyi ciki, Kelinu a gaba yana taku ɗai-ɗai. Kafin ka ce kwabo fili ya zama wayam, sai ɓawon gyaɗa da kyamara. Can nesa a kan rufi, Grezzja tana tsaye a baƙaƙen kayanta, hannu ɗaya a kan ido.

Ƙararrawa ta buga. Tukunya ta biyu ta amsa.

Wenzu ya bar kyamarar a tsaye inda take. Ya hau matakala, ya tsoma yatsa a ruwan albarka, ya kutsa cikin masu waƙa yana ba da haƙuri, har ya kai tsakiya, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗansa. Kelinu ya yi masa murmushi ta gefen sandar, jijiyar wuyansa a miƙe.

Da ta uku ta tashi, wani farin gari mai laushi ya sauko daga cikin ƙubbar ya zauna a kafaɗar Kelinu. Wenzu ya sa hannu ya kaɗe masa, ya kama waƙar daga inda aka kai.