Nonon Mma Kadiatu

"Ɗaga wayar sama, ba na ganin fuskarta," in ji Mma Kadiatu daga kan tabarma.

Safiatu ta gyara hannu. A cikin wayar ga 'yarta Zuhuratu can Jamus, sanye da farar rigar ɗakin bincike. Wannan yarinya, lokacin da aka haife ta a unguwar Gumani, nonon Safiatu ya ƙafe. Maƙwabciyarta Kadiatu, mai tallan nonon shanu, ita ta shayar da ita har yaye. Yanzu ciwo ya kwantar da tsohuwar, abu ɗaya ya rage mata: ta dafa kan yarinyar ta yafe mata nononta.

"Me kike yi can da ya hana ki zuwa?"

"Mma, akwai ƙwayar gado da ke sa nono ya ƙosar da jariri. Muna neman inda take zaune a kan zaren halitta, kuromozom, na mutum da na babban biri, cimfanzi. Kusan wuri ɗaya muka same ta."

"Wato nonona da na biri duk ɗaya." Ta yi dariya har da tari. "To birin ya yafe miki."

"Ki yafe min yanzu, Mma. Jirgina sai sati mai zuwa."

"Da waya na ba ki nonon? Ki zo."

Safiatu ta san satin nan ya yi nisa. Kullum ta kai koko, sai ta tarar tsohuwar na kallon ƙofa. Babur ya tsaya a waje, ta ɗaga kai. Ya wuce, ta mayar.

Ranar Laraba da hantsi ta ƙi kokon. Ta ce, "Safiatu, cire ɗankwali, matso."

Safiatu, da furfurarta da komai, ta durƙusa. Hannun ya sauka a kanta, ba nauyi, sai ɗumi.

"Na yafe, duniya da lahira. Ajiya ce, ki kai mata. Kada ki faɗa a waya."

Kafin la'asar aka kai tsohuwar makwancinta.

Zuhuratu ta iso da akwati, ta tsaya a ƙofar ɗakin da aka riga aka share. Uwarta ba ta yi mata sannu da hanya ba. Ta zaunar da ita a dakali, ta zame mata mayafi, ta ɗora tafinta a kanta. Suka daɗe a haka, shanun unguwa na wucewa kiwo.