Magatakardan da Ba Ya Duba Aikinsa

Me ya sa wani lokaci mai ganganci ke tsira, mai taka-tsantsan kuma ya faɗa rami? Tambaya ce da har yau ba a samo bakin zarenta ba. Ga dai abin da ya sami Jan Biro.

Jan Biro mai gyaran rubutu ne a wata maɗaba'a. Teburinsa na can ƙurya, tsakanin injin yankan takarda da wata taga da fenti ya liƙe. Ƙa'idarsa ɗaya ce a duniya: abin da ba a yi daidai ba, gara a bar shi. Ya taɓa sa an zubar da tulin kalanda saboda waƙafi guda, masu injin suka yi ta tsine masa a zuci.

Da gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, bai yi kuka ba. Likita ta ba shi ƙwayoyi ta ce ya riƙa sha kullum ƙarfe takwas na safe, shi kuwa ya riƙe maganar kamar an buga ta da manyan baƙaƙe. Ranar da ya kama takwas, ya sha. Ranar da mota ta tsaya da shi a hanya, ko wani shafi ya ɗauke masa hankali, sai ya dubi agogo, ya mayar da ƙwayar cikin kwalba.

Yayarsa, wadda suke zaune gida ɗaya tun rasuwar mijinta, takan ce, "Sha mana, ɗan nan. Ciki yana da agogo ne?"

"Yaya, takwas aka ce. Takwas da rabi wani abu ne daban."

"To, sannu alƙalin mintoci."

A kwana a tashi wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu, tari ya ƙi barinsa. Yaya ta tasa shi gaba har asibiti, kuma tun kafin ya zauna ta zayyana wa likita komai.

Likita ta cire tabarau ta dube shi. "Malam, wane aiki kake yi?"

"Gyaran rubutu."

"To za mu fahimci juna. Jikinka yana ajiye bayanansa da wani irin rubutu, DNA. Ita ƙwayar cutar nata rubutun daban ne, RNA. Don haka takan shigo da magatakardanta, wani sinadari da ke juya nata rubutun zuwa irin naka, a cusa shi cikin littafin jikinka. Daga nan jikinka da kansa zai yi ta buga mata 'ya'ya. Maganin da na ba ka hannun magatakardan yake riƙewa. Duk ranar da ka tsallake, ka sake shi ke nan."

"Ya iya aiki?" in ji Jan Biro.

"Ko kusa. Sauri kawai gare shi. Ba ya waiwayar abin da ya rubuta, kuma babu mai duba masa."

Jan Biro ya gyara zama, har da ɗan murmushi. "Ashe zai kashe kansa da kansa."

"Yawancin kwafin lalatattu ne, ba sa zuwa ko'ina. Amma cikin tarin kurakuran sai a dace da guda da zai sauya siffar shi magatakardan, maganin ya zo kama hannunsa ya rasa inda zai riƙe. Irin wannan ne ya cika jininka yanzu."

"Wato kuskure ne ya cece shi."

"Kai kuma gyara zai kai ka kabari," Yaya ta sa baki.

Likita ta sauya masa magani, ta ce masa bayan wannan abin da ya rage mata kaɗan ne. "In ka makara, ka sha da zarar ka tuna. Makara ta fi fashi."

Suka koma gida. Ba mutuwar ce ta fi cin ransa ba, rashin adalcin ne. Da magatakardan nan a maɗaba'arsu yake, ai ba zai kai azahar ba an kore shi. Ga shi nan cikin jininsa yana ta kwaɓa yana hayayyafa, shi kuma da bai taɓa barin waƙafi ya ɓace ba yana ɗaure wando da igiya.

Washegari ya tashi da wuri, ya ajiye kwalba da kofin ruwa a gabansa yana jiran takwas. Don rage zaman, ya warware takardar bayanin da ke cikin kwalin maganin. A layi na uku ya ga an maimaita kalma. Hannunsa ya kai aljihu da kansa, ya zaro jan biro. Ya gyara wannan, ya hango wani a ƙasa, ya juya bayan takardar.

Da ya ɗago, agogon bango ya wuce tara.

Ya ɗauki ƙwayar, ya kai ta bakin kwalba kamar yadda ya saba. Yaya na tsaye a ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Mayar da ita mana," ta ce. "Abokin aikinka na ciki yana jira ka sakar masa hannu."

Jan Biro ya dubi agogo, ya dubi takardar da ya yi wa ja-ja-ja. Ya jefa ƙwayar a baki, ya kora da ruwa.

"Ba daidai ba ne dai," ya ce yana goge baki.

"Na ji. Gobe ma ka yi ba daidai ba."