Katin Goggo

Ranar da Yaya Babba ya yi ritaya daga aikin hedimasta, gidanmu ya shiga uku. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana gyara rubutun 'ya'yan mutane da jan biro, aka wayi gari ba shi da abin gyarawa sai mu. Ya fara da agogon falo, ya koma kan yadda ake jera takalma a bakin ƙofa. Da ya ga ba mu gyaru ba, sai ya tara ƙannensa ya ce zai rubuta littafin zuriya, tun daga kakan kakansu har jaririn da aka haifa watan jiya. Nan take aka kafa kwamiti. Shi ne shugaba, shi ne sakatare, sauran kuwa aikinsu gyaɗa kai.

Ni matar Auta ce, ƙaramin ƙaninsa. Shekarata goma sha huɗu a gidan, kuma aikina buga rubutu a kwamfuta a wata 'yar maɗaba'a da ke bayan tashar mota. Saboda haka ba a ma tambaye ni ba, aka ɗora mini aikin, wai ai na gida ne.

Ya zo mini da zanen a bayan tsofaffin kalandu huɗu da ya manne da gam, ya shimfiɗa a teburin cin abinci, ya danne kusurwoyin da kofuna. Kowane namiji yana da akwatinsa: sunansa, shekarar haihuwarsa, aikinsa, har da halinsa. Wani an rubuta masa "dogo ne, mai son rediyo." Wani kawu da kowa ya san bai taɓa riƙe aiki ya wuce wata uku ba, an rubuta masa "ya yi ayyuka da dama." A gefen kowane akwati kuma akwai wani ɗan ƙarami, kamar na ashana, an rubuta a ciki: matarsa. Na bi su da yatsa, guda ashirin da uku, har da nawa.

Na ce, "Yaya, sunayen matan fa?"

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Littafin zuriya ne, ba rajistar baƙi ba."

"Baƙin da suka haifi duk wanda ke cikin manyan akwatunan?"

Ya ce in ina da lokacin ɓatawa in nemo su, shi bai hana ba, amma ran Alhamis ta sama littafi zai shiga inji, ko da su ko babu su. Ya ƙara da cewa ai bai manta da mata ba, ga shi ya sa sunan mahaifiyarsu da hannunsa.

Gaskiyarsa, cikin matan da aka auro, akwatin Inna, mahaifiyar tasu, kaɗai ke da suna. Sai dai da na duba, na ga sunan nan sak a wani akwatin, yatsa biyu tsakaninsu. Na Goggo ne, yayar marigayi surukina, wadda ta rasu tun kafin in zo gidan. Sunan fari ɗaya, sunan uba ɗaya. Duk wanda ya buɗe shafin zai ɗauka tsohon ya auri yayarsa.

Na nuna masa. Ya ce suna ne ya zo ɗaya, ana yi. Na ce har da na uba? Ya tashi ya ɗauko jakar takardu, ya jera mini katin asibitin Inna, da katin shaidarta, da takardar makarantarsa inda aka rubuta sunan uwa. "Takarda uku," in ji shi, yana ƙwanƙwasa tebur. "Ke kuma da me kika zo?"

Na tambayi mijina da ya dawo. Auta ya sosa ƙeya ya ce shi dai Inna ya sani. Na ce to ni fa, ya sunana cikakke? Ya faɗa daidai, amma sai da ya ɗan kalli silin, kuma ban manta ba.

Inna tana ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon igiyar shanya. Jikinta ya daɗe da yin sanyi, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, amma da safe in ta sha shayi kanta yakan washe na kamar awa ɗaya. 'Ya'yanta suna ce mata Inna. Duk sauran dangi da maƙwabta Amarya suke ce mata, tun ranar da aka kawo ta, ga shi har gashin girarta ya yi fari ba a sauke ta daga muƙamin ba. Sai na riƙa zuwa kullum kafin in tafi aiki, da ɗan littafina, ina karanto mata sunayen maza tana ba ni matansu.

Wallahi ban san gidan da na aura ba sai a ɗakin nan. Matar kawun nan mai "ayyuka da dama", ana ce mata Mai Keke. Da keken ɗinkinta ta karantar da yara biyar, ciki har da likitan da Yaya Babba ya ba shafi guda sukutum da hoto. Akwai Doguwa, wadda ita ce ta fitar da kakansu daga ɗaki a bayanta ranar da gobara ta ci gidan farko. A zanen Yaya Babba an rubuta cewa kaka "ya tsira da jarumtarsa." Akwai 'Yar Tasha, da ubanta ke sayar da tikitin jirgin ƙasa, ita ce ta fara iya karatu a gidan, kuma ita ke karanta wa maza wasiƙunsu a bayan ƙofa, su fito falo su maimaita kamar su suka karanta. Akwai wata da ta zauna wata bakwai kawai ta tattara kayanta ta tafi. Inna ta ce, "Rubuta ta da manyan baƙaƙe, ita ce mai hankalin cikinmu."

Kowace sai Inna ta faɗi laƙabinta, ta yi dariya, sannan ta rufe ido ta lalubo sunanta na gaskiya da na ubanta da garin da ta fito. Ba ta rasa ko ɗaya ba. Na tambaye ta yadda ta riƙe su. Ta ce ai a wajen wanki suke kiran juna da su, in babu kowa.

Rana ta tara na kai kan akwatinta. Na karanta mata abin da ɗanta ya rubuta. Ta yi tsaki mai tsawo, irin wanda ban zaci tana da numfashinsa ba.

"Wannan ai sunan Goggonku ne. Matar da ba ta taɓa cin abincina ba tare da ta nemi gishiri ba."

"To ya aka yi ya zama naki, Inna?"

Ta ce lokacin da naƙudar Yaya Babba ta kama ta, surukina ya kai ta asibiti, ya tarar da layin yankar sabon kati ya kai bakin titi. Shi kuwa mutum ne da ba ya tsayawa a layi, yana ganin zubar da girma ne. Sai ya tuna katin yayarsa na cikin aljihunsa, ya miƙa shi. Aka kira sunan Goggo, ya zungure ta ya ce ta amsa. Ta amsa, don a halin da take ciki ko sunan kujera aka kira za ta amsa.

Daga katin nan aka cike takardar haihuwar yaro. Daga takardar haihuwa aka cike ta makaranta. Da aka zo yin katin shaida, aka ce a kawo wata takarda mai sunanta, aka kawo katin asibiti. Goggo kuwa ta je ta yanki sabo abinta.

"Ba ki taɓa cewa a gyara ba?"

"Na faɗa wa ubansu. Ya ce sai ya samu lokaci. Allah Ya jiƙansa, har ya tafi yana nema." Ta gyara kwanciya. "A takarda an cire mini haƙora uku da har yanzu suna bakina. Kuma shekarun Goggo nake ɗauke da su, ta ba ni goma. Shi ya sa yayan naku hedimasta yake yawo yana cewa uwarsa ta haura casa'in."

Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma na ga hawayen ba na dariyar ba ne. Mijinta "ke" yake ce mata. Iyayenta da 'yan'uwanta suna can nesa, kuma ɗaya bayan ɗaya duk sun rasu. Matan wajen wankin ma babu saura. Na ce, "Inna, faɗa mini naki." Ta faɗa, da na ubanta. Sai ta sake faɗa a hankali, ba don ni ba, kamar mai gwada tsohuwar riga ta ga ko har yanzu tana shigarta.

Ran Litinin jikinta ya rikice. Ta daina shan shayi, ta daina magana. Likitan gidan, ɗan Mai Keke, ya zo ya duba ta ya ce a dai riƙa zama kusa da ita. 'Ya'yanta suna shiga suna fita. "Inna, Inna." Shiru. Maƙwabta su leƙo, "Amarya, ya jiki?" Shiru. Idonta a buɗe, yana kan silin, amma ba ta juyowa ga kowa.

Ni kuwa na buga shafin yadda ya kamata. Na faɗaɗa ƙananan akwatunan nan, na zuba sunaye ashirin da uku, kowace da layi biyu na abin da ta yi. Na cire sunan Goggo daga gefen surukina na sa na mai wurin. Ran Laraba da rana na kawo wa shugaban kwamiti kwafin gwaji, na wuce ɗakin Inna na zauna ina shafa mata mai a ƙafa.

Ban yi minti goma ba na ji takunsa a baranda. Ya shigo da takardar a hannu ɗaya, jan biro a ɗayan, ko murfin bai mayar ba. Ya rage murya saboda mara lafiya, amma fuskar ta hedimasta ce da ya kama ɗalibi da satar amsa.

"Matar Auta, na yi haƙuri da gobarar da kika ƙwace wa kakanmu. Na yi haƙuri da keken ɗinki. Amma wa ya ba ki izinin cire sunan mahaifiyata ki sa na wata baƙuwa a gefen ubana?"

Na ga ya zagaye sunan da ja har sau biyu, ya sa alamar tambaya a gefe. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga mini hannu.

"Ba mu da wannan a gidan nan. Ban taɓa jin ta ba. Wace ce wai…" Ya gyara tabarau, ya karanto sunan da ƙarfi, da na uban, baƙi bayan baƙi, yadda yake kiran rajista a aji.

"Na'am."

Muryar ƙarama ce, a dushe, amma babu wanda zai ce bai ji ba. Inna ta juyo da kanta a kan matashi, karon farko cikin kwana uku. Idonta ya wuce ni, ya wuce shi, ya tsaya a bakin ƙofa yana nema.

"Wa ke kira na?"

Yaya Babba ya kalli takardar, ya kalle ni, ya kalli gadon. 

"Ni ne, Inna."

Ta daɗe tana kallonsa kafin ta gane shi.

"Af, kai ne," in ji ta. "Na zaci wani ne ya zo daga gidanmu."

Ta mayar da kanta ta rufe ido. Shi kuma ya zauna a ƙasa, a gefen gadon, da farar rigarsa mai guga, yana ta ƙoƙarin mayar da murfin biron.