Bugun Cokali a Bakin Kofi

Ni ban yi makaranta ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Ido na karanta. Shekara arba'in da ɗaya ina saya wa mahauta dabbobi, babu dillalin da ya taɓa cusa mini akuya mai ciwo. Wasu sai sun tattaɓa ƙugu, sun buɗe baki sun ƙirga haƙora. Ni babban yatsa kawai nake sawa in ja fatar ido ta ƙasa. In cikin ja ne, jini ya cika, a saya. In fari ne, tsutsa ta riga ta shanye dabbar, ko da tana tsalle tana tunkuyi. Mai ita zai yi ta rantse-rantse, ni kuwa nasa idon nake kallo, don maƙaryaci ma ba ya iya ɓoye nasa.

Sa ya taɓa ɗaga ni da ƙaho ya maka ni da katanga. Motar shanu ta kife da mu, mu shida, ni kaɗai na fito da ƙafata. Zazzaɓin da ya kwantar da rabin layinmu ya shigo ɗakina, ya yi kwana tara, ya gaji ya fita. Na faɗi wannan ne don a san ba matsoraci ke magana ba.

Da na ajiye aiki, maƙwabta ba su bar ni na huta ba. Kullum da hantsi ina baranda da shayina, sai wannan ya jawo tunkiya, waccan ta riƙo hannun 'yarta da ta ƙi cin abinci. In ja fatar ido, in ce a je asibiti yau, ko in ce yunwa ce da rigima. Ban taɓa ba kowa magani ba, ban kuma taɓa kuskure ba. Har suna suka sa mini, Baba Mai Ido.

Sai yanar ido ta rufe mini gani. A hankali ta zo, kamar hayaƙi a ɗakin girki. Ban gaya wa kowa ba. Uwar yarana ce ta gane, ranar da na tsaya a tsakar gida ina gaisawa da rigata da ta shanya a igiya, har ina tambayarta mutanen gida. Ba ta yi dariya ba sai da ta shiga ɗaki. Na ji ta.

Washegari wata ta kawo akuya. Na ja fatar ido, ban ga komai ba sai hazo. Ina nan ina gyaran murya, sai na ji tsohuwar tawa a bayana tana motsa shayi, ta buga cokali a bakin kofi sau biyu. Na ce wa matar akuyarta ba jini. Haka kuwa aka samu. Daga ranar muka ɗaura, ba tare da mun taɓa zama mun shirya ba: bugu ɗaya ja, bugu biyu fari. Shekara hamsin tana kallon hannuna, ashe ta kwashe aikin tsaf. Shekara biyu cur ana yabon idona, alhali nata ne.

Autarmu ce ta matsa a yi mini aiki. Likita ya ce abu ne na minti ashirin. Sau uku ana ba ni rana, sau uku ina samun uzuri: mura, baƙo, ciwon ƙafa. Ba tsoro ba ne. Kawai dai mutumin da ya san darajar ido ba ya miƙa shi ga wuƙa da gaggawa.

A watannin nan tsohuwar ta yi sanyi. Matakala uku ce daga tsakar gida zuwa baranda, sai na ji ta tsaya a ta biyu tana mai da numfashi. Nakan tsokane ta in ce amarya ta tsufa, a kawo mata sanda. Ta ce wanda ke gaida riga ba shi da bakin yi wa wani gori. In na tambaya da gaske, sai ta ce gwiwa ce, ta sha ƙwayarta. Muryarta ba ta taɓa rawa ba. Ni kuma murya kaɗai ta rage mini.

Da aka ba ni rana karo na huɗu, tsohuwar ba ta bar mini ƙofa ba. Ta goge mini riga, ta sa mini hula, ta riƙe hannuna har bakin ɗakin aikin. Na ji tafin hannunta da sanyi, na ce a raina tsoro take ji saboda ni, har na ji daɗi.

Kashegari da safe nas ta zo cire bandeji. Autar na tsaye, likita na tsaye. Haske ya soke ni, na runtse, na sake buɗewa. Na ga farin bango, na ga wata 'yar tsaga a jikinsa, na ga agogon likita. Ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Ni kuwa idona ya riga ya sauka kan tsohuwar a kujerar gefen gado.

Shekara biyu ban ga fuskar nan ba. Ta rame, wannan kowa zai gani. Amma ni idon na kalla. Murna na ciki, ba shakka. A bayan murnar kuma akwai wani abu da na sani sarai, irin kallon mai dabbar da ya san abin da zan tarar kafin in taɓa. Da muka haɗa ido sai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi.

Na ce, "Matso nan."

Ta ce, "Likita na tambayarka, Maigida. Ka amsa masa."

"Uku ne. Matso."

Ta matso. Na sa babban yatsa na ja. Fari fat, kamar takarda. Na ja ɗayan, shi ma haka. Da dabba ce da ban bari ta kwana ba.

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce wata biyar ke nan da ta duba a madubi.

"Kin gani, kin san abin da yake nufi, kika yi shiru?"

"Da na faɗa, da ka samu uzuri na huɗu," in ji ta. "Ka ce sai na warke. Ni kuma in na kwanta, wa zai buga maka cokali?"

Autar ta dube mu, ba ta gane zancen cokali ba. Ruwan da ya zubo mini daga ido kuwa, nas ta ce maganin da aka ɗiga ne, na bar ta a haka.

Na juya ga likita na ce ya bar nawa idon, ya dubi wannan. Ya ce shi na ido ne, wannan aikin wani sashe ne. Na ce to ai ido na nuna masa. Ya leƙa, fuskarsa ta canza, ya sa aka kawo keken marasa lafiya. Tsohuwar ta ce ita da ƙafarta ta zo. Na ce ta zauna, yau ni zan tura. Na tura kuwa, da ido ɗaya, sau biyu kawai na bugi bango.

Gyambo ne a cikinta, yana ta zubar da jini a ɓoye, ƙwayar gwiwar nan na ƙara cin wurin. Jini leda uku aka ƙara mata. Likitan can ya ce da an ƙara wata guda ba a kawo ta ba, da labarin ya sha bamban. Ya tambayi wanda ya gano. Na ce ni ne, don gaskiya ce. Sannan na ce amma ita ta riga ni, don wannan ma gaskiya ce.

Da muka koma gida na hana kowa kawo mini ko kaza. Mara lafiya ɗaya gare ni. Kullum da hantsi in zaunar da ita a baranda, in haɗa shayin da kaina, in ja fatar idonta. Tana mita wai na mai da ita tunkiya. Sati na farko fari. Na uku ya ɗan yi ruwan hoda. Ba ta tambaya, sai dai ta kafe ni da ido tana neman amsar a nawa.

Ranar da aka cika sati bakwai na ja, na daɗe ina kallo. Ta ce, "To, Baba Mai Ido, a saya ko a bari?"

Sai na ɗauki cokali na buga a bakin kofinta, sau ɗaya.