Kafin Shafi Ya Juya

Duk layin da abu biyu suka san shagon Tela: ƙarar kekenta da safe, da muryar mijinta da yamma. Keken tsoho ne, na ƙafa. Mijin ma tsoho ne, amma muryarsa ta ƙi tsufa. Shekara da shekaru ya yi yana sanar da zuwan jirgi da tashinsa a tashar jirgin ƙasa, har ya yi ritaya bai koyi magana a hankali ba. Shi ya sa maƙwabta ke ce masa Baba Rediyo. Ita dai Malam take ce masa, shi kuma ya ce mata Tela, kamar wanda ya kawo ɗinki.

Tsarinsu ɗaya ne tun yaransu suna rarrafe. Duk aikin da ke son keke, da safe take gama shi. Wanda ke son allura da natsuwa, kamar sa maɓalli da kalmasa bakin riga, sai ta tara shi a kwando. Rana na yin sanyi Malam zai jawo kujerarsa bakin ƙofa, ya buɗe littafi, ya lashi yatsa, ya fara. Kada wani ya ɗauka Tela ba ta iya karatu ba ne. Ta iya sarai. Amma allura da littafi duk ido suke so, ita kuwa biyu kawai gare ta.

Sai idon Malam ya fara gardama. Ya nisanta littafi, ya kusanto da shi, ya sa tabarau, ya sake wani tabarau. Likita ya ce manyan abubuwa zai ci gaba da gani, ƙananan baƙaƙe ne sai haƙuri. Wata yamma, suna tsakiyar wani ƙaton littafi na labarin wani matuƙin jirgin ruwa, ya tsaya cak, ya sa guntun ƙyalle a shafin, ya rufe.

"Wannan marubucin surutu ya yi masa yawa," ya ce.

Tela ta san ƙarya yake, shi ma ya san ta sani. Littafin ya hau kantar kaya ya zauna, shagon ya yi tsit. Malam bai daina jawo kujerarsa ba, sai dai ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon titi. Ta gwada kunna rediyon gaske, ta ji kamar baƙo ne ya shigo mata shago yana ta zuba, ta kashe. Ran nan mai gyaran takalmi na kusa da su ya leƙo yana dariya, ya ce, "Mama, rediyon naku batir ne ya ƙare?" Kallon da ta yi masa bai sake tambaya ba. Gaskiyar magana, kewar muryar nan tana cinta, tausayin mai muryar kuma ya fi cinta.

Autarsu ce, wadda ke aiki a kantin magani, ta shigo wata rana da ɗan kwali a jaka.

"Mama, mai arha ne fa," ta ce tun kafin ta buɗe. "Kada ku sa rai da yawa."

Na'urar karatu ce, ɗan falle mai ruwan toka, bai fi tafin hannun Malam da yatsunsa ba. Tela ta karɓa ta jinjina, ta ji shi sakayau. Ta ƙwanƙwasa bayansa da farce, roba ce zalla. Ta sansana, ba ƙanshin takarda, ba ƙanshin komai. Fuskarsa ba launi, fara-fara kamar tsohuwar jarida, kuma ba shi da hasken kansa, sai an zauna da shi inda rana ke shigowa.

"Ana kira da shi?"

"A'a, Mama."

"Hoto fa? Waƙa?"

"Ba ya yi. Karatu kawai."

"Ashe ɗan'uwan babanki ne kika kawo mana."

Malam ya yi tsaki daga kujerarsa, ya ce shi bai ga littafin da ba shi da kauri ba. Auta ba ta kula shi ba. Ta riga ta sa labarin matuƙin nan a ciki, ta nemo daidai inda ƙyallen ya tsaya, ta taɓa wani gefe, baƙaƙen suka kumbura. Ta miƙa masa. Ya karɓa da yatsu biyu kamar an ba shi abu mai zafi.

"Ƙara," ya ce can. Ta ƙara. "Ƙara kaɗan."

Sai da ya rage 'yan layuka kawai a fuskar abin, kowane harafi ɓaro-ɓaro. Malam ya gyara murya, ya karanta layin farko, har mai gyaran takalmi ya ɗago kai daga can waje. A layi na biyu muryar ta ɗan yi rawa. Tela ta sunkuya tana neman almakashin da ke hannunta.

"Baba, in za ka ci gaba ka taɓa dama, in za ka koma ka taɓa hagu," in ji Auta tana duba agogo. "Amma sanyin jiki gare shi, sai ka ɗan…"

"Na ji, na ji. Tun ba a haife ki ba nake juya shafi."

Auta ta koma bakin aiki. Kafin magariba Tela ta ɗinka wa abin 'yar jaka da ragowar yadi, har da maɓalli.

Washegari da yamma kwando ya sauko, kujera ta zo bakin ƙofa, murya ta cika shago. Tela ta ji kamar an sauke mata kaya daga ka. Matuƙin yana bakin ruwa yana sallama da matarsa, tana roƙonsa kada ya daɗe. Tela na zura allura tana gyaɗa kai. Sai ga shi kwance a asibiti, ƙafa a naɗe.

"Tsaya, Malam. Yaushe ya karye?"

Malam ya dubi abin. "Haka marubucin ya yi."

Suka ci gaba. Can kuma sai ga matar tana goye da jariri, alhali ba a ji haihuwa ba. Wani mutum ya shigo labarin yana ta faɗa kamar an san shi. Malam ya fara tuntuɓe. Yakan tsaya a farkon shafi, ya haɗe gira, ya ɗan ƙara wasu kalmomi nasa don a samu a haye. Tela kuwa sana'arta ke nan, ta san faci ko da an yi shi da zare mai kala ɗaya. Ta dai ƙyale shi, don daɗin muryar ya fi mata labarin.

Ba a jima ana haka ba, wata yamma ya tsaya a tsakiyar karatu, ya mayar da abin cikin jakarsa, ya ɓalla maɓallin a hankali.

"Tela."

"Na'am."

"Ba idon ne kaɗai ba." Bai dube ta ba. "Ina karanta layi, in juya, sai in tsinci kaina a wani wuri. Ban san ta inda na bi ba. Wani abu yana ɓace mini a tsakani. Haka Yaya ya fara, kin tuna."

Ta tuna. Yayansa da ƙananan mantuwa ya fara, ya ƙare bai gane 'ya'yansa ba. Tsoro ya kama ta na gaske. Wancan karon ido ne ya rufe littafin, ta haƙura. In ya rufe wannan da wannan tunanin a ransa, ta san ba zai sake buɗe baki ya karanta ko sunan titi ba.

"Malam, karanta mini shafi ɗaya, in ƙarasa wannan maɓallin."

"Na ce miki…"

"Ɗaya dai. Mai rigar gobe zai zo."

Ya zaro shi ba da son ransa ba. Ita kuwa ta soke allurar a ƙyalle ta bar ta nan. A karon farko tun aurensu, shi yana karatu ita tana kallon hannunsa. Ya kai ƙarshen layukan. Ya kai yatsa baki ya lasa, kamar yadda ya saba. Ya taɓa dama. Abin bai motsa ba. Sai yatsan ya sake sauka, ƙwas-ƙwas, da irin saurin da yake ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki in an daɗe a ciki. Sannan fuskar abin ta yi baƙi, ta washe, sabon shafi ya fito.

Tela ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki.

"Abin dariya ne?" Malam ya ce, ransa a ɓace.

Ta miƙe ta ɗauko ƙaton littafin daga kan kantar, ta kaɗe ƙura, ta buɗe wurin ƙyallen, ta bi da yatsa har sallamar bakin ruwa. Ta karanta masa da 'yar muryarta: matuƙin ya juya zai hau, igiya ta tsinke, akwatin kaya ya faɗo masa a ƙafa.

"Ga karayarka nan, Malam. Tana nan inda aka ajiye ta. Kai ne ka tsallake ta da yatsanka." Ta karɓi na'urar ta taɓa hagu, ta jira. Ta sake taɓawa, ta jira. Ga shafukan da bai taɓa gani ba. "Sau uku kake bugawa, shi kuma sau uku yake juyawa. Kanka lafiya lau. Haƙuri ne ba ka da shi, wannan kuwa tsohon ciwo ne, da shi na aure ka."

Malam ya daɗe yana kallon shafin. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Da ya samu bakin magana, faɗa ya fara.

"To ai laifinsa ne! Me ya sa in an taɓa shi ba ya amsawa?"

"Yana amsawa mana. Duk bugun da ka yi ya ji, kuma ya cika umarni. Ya fi ni biyayya."

Nan ta kafa masa doka: ba lasar yatsa, taɓawa ɗaya, sannan ya janye hannu ya ɗora a gwiwa. Suka koma tun daga bakin ruwa, aka karye a gabansu, aka haihu a gabansu, mutumin mai faɗa ya zama ashe surukin matuƙin ne. Tela ta ce marubucin ya ci a nemi gafararsa.

Sai dai mutum irin Malam bai san yadda ake jira ba. Ɗan lokacin nan da abin ke ɗauka kafin ya juya, sai ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kalli rufi. Ya kalli titi. Daga baya ya fara kallonta. Da yake baƙaƙen manya ne, shafukan ba sa daɗewa, don haka kallon ya yawaita. Tana jinsa a gefen fuskarta ko ba ta ɗago ba, har ta soke yatsa.

"Me kake kallo?"

"Jira nake." Ya ɗan karkata kai. "Yaushe kika yi wannan furfurar ta gefen kunne?"

"Tun littattafan baya. Kana ciki, ba ka leƙo ba."

"Ta yi miki kyau," ya ce, shafi ya fito, ya ci gaba da karatunsa kamar bai ce komai ba. Tela ta sa maɓallin nan a karkace, sai da ta warware.

Da Auta ta zo ta ji labarin tsallaken, kunya ta kama ta.

"Wallahi laifina ne, Mama. Na ce muku mai arha ne. Akwai wani, kana taɓawa ya juya, ko ƙiftawa ba ya yi. Bari in mayar da wannan in canzo."

"Yauwa, 'yar albarka," in ji Malam, har ya fara miƙa mata.

Tela ta ɗora hannu a kan nasa, ta mayar da abin cinyarsa.

"Bar mana wannan, Auta."

"Amma Mama, jinkirin fa?"

"Ya yi mini daidai."

Auta ta dubi uwarta, ta dubi ubanta, ta ɗaga kafaɗa ta zauna a kan buhun ƙyallaye. Malam ya gyara murya ya karanta 'yan layukansa har ƙasa. Ya taɓa dama sau ɗaya, ya janye hannu, ya ɗago kai. Ya tarar Tela ta riga shi ɗagowa.