Muryar Injin Baba Zubairu

"Injin nan zai ci mutum in ba a duba shi ba," in ji Baba Zubairu.

Ina tallafe da kansa ina ba shi kunu ya faɗi haka. Na ajiye ƙwaryar a ƙasa. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, mutum ɗaya ne ke wuni a tsaye gaban injin nan, shi ne ɗana Sulaimanu. Ba ni da kowa sai shi, uwarsa ta daɗe da rasuwa.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Baba, a ƙasan wani tsohon bene a unguwar Barroquinha, can hayin babban teku. Shi daga ƙasar Zazzau aka kawo shi yana saurayi, ni kuwa daga Kano, ina yaro, a jiragen bayi na ƙarshe. Dukanmu mun fanshi kanmu. Ni tela ne. Shi kuma tun da wani Bature ya kafa injin tururi na yankan katako a birnin ƙasa, wato ɓangaren garin da ke gindin tudu a bakin teku, shi ke kula da shi: ya wanke tukunyarsa, ya kankare ɓawon da ruwa ke bari a ciki, ya shafa wa gaɓoɓinsa kitse tun kafin a hura wuta. Shi ya nema wa Sulaimanu aikin zuba itace a wutar. A duk layinmu, ni da shi kaɗai muka rage masu hira da Hausa da safe.

"Me ya sami injin, Baba?"

"Muryarsa ta canza. Ranar da na faɗi na ji wani abu, amma zazzaɓi na kaɗa mini ganga a kunne, ban tantance ba." Ya nuna kusurwar ɗaki da haɓa. "Ɗauko sandar can."

Guntuwar sanda ce, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, duk ta yi baƙi da maiƙo. Na sha ganinta a hannunsa, ban taɓa tambayar amfaninta ba.

"Za ka sauka yau, kafin su kashe wuta. Akwai sandar ƙarfe mai shiga da fita, tana juya babbar ƙafar injin, wannan mai zagayawa kamar taya. Inda suka haɗu akwai tagulla. Ka ɗora bakin sandar nan a jikin ƙarfen da ke riƙe da tagullar, ɗaya bakin ka manna a ƙashin bayan kunnenka. Za ka ji yana numfashi, za ka ji yana ƙwanƙwasa. Ka ɗauko mini ƙarar a bakinka ka hawo da ita."

"Baba, ni allura na sani."

"To, mai sanin injin ga shi a kwance. Bakano, kunnen naka ba ciniki kaɗai aka yi shi dominsa ba. Jeka."

Ranar Asabar ce, bayan azahar. Na bi gangaren da ke sauka birnin ƙasa, sandar na cikin rigata. Tun daga nesa na jiyo kukan zarto. A cikin rumfar zafi kamar maƙera, garin katako na shiga ido. Sulaimanu yana tsaye ba riga, tsumma a kafaɗa. Da ya gan ni sai ya ɓata rai.

"Baba, me ya sauko da kai?" Hausarsa a karye take, kamar ta duk 'ya'yan da aka haifa a nan.

Na nuna masa sandar. Ya yi dariya, amma ba ta raini ba.

"Tsoho ko a tulun ruwa yana jin ƙara. Dubi allurar agogon awon tururin nan, tana inda ya koya mini ta tsaya. Na ba shi mai, na ɗaure masa notocinsa. Lafiyarsa ƙalau."

"Ka bar ni in ji."

"Ka tattare rigarka, kada bel ya ja ka. Maigida kuma ba zai tsayar da inji don mafarkin mara lafiya ba, ka sani."

Na yi yadda aka ce. Da sandar ta taɓa ƙashina sai duk hayaniyar rumfar ta ja da baya, na ji injin a cikin kaina. Yana numfashi kamar saniya, shuu, shuu. A tsakani kuma ga wani ɗan ƙwanƙwasa, tak, kamar an buga cokali a ƙofar ɗaki mai nisa. Na daɗe ina saurare har ƙarar ta zauna a bakina. Na fito ko sallama ban yi wa ɗana ba, don kada ta zube.

Na kama hawa ina maimaita ta a kan harshe, ƙafata na bin kiɗanta. Masu ɗaukar kaya suna kallona suna dariya, wani ya ce da Yarbanci tela ya zare. Ban kula su ba. Na wuce dandalin Pelourinho, saura kaɗan in kai gida, sai na ji an ce, "Idirisu! Ina wuni?"

Inna Lantana ce, zaune gaban kaskon ƙosanta. Tsohuwa ce ƙwarai, jikokinta ba mai jin Hausa, takan yi mako ba ta sami wanda za ta gaisa da shi da harshenta ba. Ga shi ta girme ni, ga shi ita ta fara gaishe ni. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

"Lafiya lau, Inna. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya gida? Yaya ɗinki? Yaya Sulaimanu, har yanzu bai yi aure ba? Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Inna."

"Da sauƙi ko da sauƙin baki? Ka ce masa Lantana ta ce ya tashi, kada ya riga ta, ba a yi haka da ita ba."

Ta ƙulle mini ƙosai a ganye in kai masa. Na karɓa, na yi godiya, na miƙe. Na buɗe baki in ci gaba da ƙarar, sai na ji biyu a bakina. Shuu, tak. Tak, shuu. Na gwada wannan ta yi daidai, na gwada waccan ita ma ta yi daidai. Na juya zan koma ƙasa, sai na ji usur ɗin tashi daga aiki ya taso daga bakin teku. Sun kashe wuta.

Baba ya saurare ni ido a rufe. Na yi masa ta farko, na yi masa ta biyu, na gaya masa abin da ya faru a hanya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"An aiki Bakano ya ɗauko ƙara ɗaya, ya dawo da biyu da ƙosai. Riba ke nan."

"Baba, bambancin mene ne?"

"Ɗaya wasa ce. Tagulla ce ta ci, a sa mata ɗan ƙarfe a ɗaure, ta yi shekaru. Ɗayar kuwa ƙarfe ne ya fara tsagewa daga ciki. Ran da zai rabu, babbar ƙafa ba ta tambayar wa ke tsaye."

"Wacce ce wacce?"

Ya girgiza kai. "In na gaya maka, kunnenka zai jiyo abin da ranka ke so. Uba ne kai. Ka koma ka ɗauko ta ba ka san ma'anarta ba, ni zan fassara."

"Gobe Lahadi, ba a hura wuta."

"To, jibi. Ina zan je?"

Na roƙe shi, har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya juya fuska ga bango ya ce in rufe ƙosan kada tururuwa ta hau.

Ranar Lahadi ƙararrawar coci ta cika unguwa, mutane na wucewa ta gaban tagarmu da fararen kaya, ƙafafunsu kaɗai muke gani. Na kawo ɗinkina ɗakinsa na zauna. Da hantsi ya yi ta magana a kan maƙerar ubansa, da yadda yake zuga masa wuta yana yaro, ya kira sunayen mutanen da ban sani ba. Na yi ta jiran hankalinsa ya dawo ɗakin in sake tambaya. Sau ɗaya ya dube ni sosai ya ce, "Idi, an shafa wa injin kitse?" Na ce an shafa. Wajen la'asar na ji numfashinsa ya yi nisa da juna. Na matsa kusa da kunnensa ina karanta masa kalmar shahada, leɓensa na motsi. Tambayar tana bakina, ban yi ta ba. Kafin inuwar bene ta kai ƙofa ya cika.

Ni na yi masa wanka, ni na ɗinka likkafanin. Na zaga Barroquinha neman masu sallah, na samo tsofaffi biyu, ɗaya Bayarabe, ɗaya Banufe da ba ya iya tsayuwa sai da sanda. Muka yi masa sallah a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Sulaimanu ya hawo da safiyar Litinin, ya tsaya a bayanmu yana kwaikwayon hannuwanmu, hawaye na zuba. Shi ya ɗauki gaban makara. Inna Lantana ta zauna a bakin ƙofa tana ta cewa, "Na aika masa kada ya riga ni." Da aka gama binnewa ɗana ya ce maigida ya ba shi rabin wuni ne kawai, ya gangara.

Washegari na sauka da sandar. Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na manna ta a ƙashina, na rufe ido, na ji ta sarai: numfashi tukuna, sannan ƙwanƙwasa. Shuu, tak. Na ba Sulaimanu sandar, ya saurara, ya ce shi ma haka ya ji, amma ai kowane inji yana da ɗan surutunsa. Na ce ya bar aikin. Ya ce, "In bar shi in yi me, Baba? In yi dako?" Ya dai yi mini alkawarin zai duba tagullar ran da aka buɗe tukunya don wanki. Na ce in ba tagullar ba ce fa? Ya ɗauki gwangwanin mai ya zaga bayan injin.

Na hawo da ƙarar a bakina har gida. Na bi ta wata hanya don kada in haɗu da kowa. Na tura ƙofar ɗakin Baba, an naɗe tabarmar an jingine, ganyen ƙosan ya bushe a kan taga. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na yi ta a fili, shuu, tak, shuu, tak, har na ji kunyar kaina na yi shiru.

Yanzu masu wanki ne 'yan ƙasar nan a ɗakin. Sandar tana rataye kusa da almakashina. Kullum da yamma nakan ajiye allura in fita bakin gangare in tsaya, har sai usur ɗin tashi daga aiki ya taso daga bakin teku, sannan in koma ciki. Ƙarar kam na riƙe ta, ba za ta sake zube mini ba. Ko ita ce ta wasan, ko ita ce ɗayar, har yau ban sani ba.